Farin-ƙirji ne ko dogon-bindi? Muhawara kan tsuntsun dam ɗin Lamingo

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da sassafe, wajen bakwai saura, na je dam ɗin Lamingo na tarar da wannan tsuntsu a kan wani busasshen kututture a cikin ruwa, ya buɗe fukafukai yana jiran rana. Bayansa duhu ne, gabansa fari. Na sa hoton a manhajar gane tsuntsaye da ke wayata, ta ce babban komoran ne (tsuntsun ruwa mai nutso ya kamo kifi) mai farin ƙirji, wato Phalacrocorax lucidus. Da na duba taswira sai na ga ba a saba ganinsa a yankinmu ba. Wallahi murna ta hana ni karin kumallo. Na ce kafin in shigar da shi lissafin taswirar tsuntsayen Najeriya bari in kawo wa manya su gani. Ku yi haƙuri da hoton, hazo ya yi yawa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanina, fita cikin sanyin Jos da wannan safiyar ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni da na buɗe hoton, irin waɗanda nake gani kullum a tafkin Jabi na gani. Ka ɗauki wani hoton ta gefe?

Ɗan Rikkos: Guda ɗayan ke nan Anti. Ina matsawa kusa ya faɗa ruwa ya nutse, da ya ɓullo kuma ya yi nisa.

Tsohon Malami: Ɗana, sannu da aiki. Na ja hoton na ƙara masa girma, na daɗe ina kallo. A ganina wannan ƙaramin ne, wanda muka saba kira dogon-bindi a zauren nan, Microcarbo africanus. Ga sababbin shigowa: mun daɗe da yarda mu riƙa ce wa dangin komoran gaba ɗaya 'yan nutso, ƙaramin dogon-bindi, babban farin-ƙirji, don kada kullum mu yi ta fama da Latin.

Abin da na fara dubawa bindi ne. Dubi yadda ya sauko har ya kusa taɓa ruwa daga kan kututturen. A farin-ƙirji bindin gajere ne in ka gwada shi da gangar jiki, tsuntsun kuma kakkaura ne, wuyansa da kauri, kansa babba, bakinsa dogo mai nauyi. Na hotonka kansa ƙarami ne, goshinsa a tsaye, bakin gajere. Ko launi bai fito ba, siffar nan ta isa ta faɗa maka wane ne.

Ɗan Rikkos: Baba, na gode. Amma dogon-bindi da nake gani a littafi baƙi ne wuluk. Wannan kuwa gabansa fari ne, kowa na iya gani.

Tsohon Malami: A nan mutane da yawa ke zamewa. Baƙin da ka gani a littafi rigar lokacin hayayyafa ce: jiki baƙi mai sheƙi, fukafukai da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa azurfa, ɗan tukku a goshi. In lokacin ya wuce sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, maƙogwaro da ciki su yi fari mai dauɗa. Ƙananan da ba su balaga ba ma haka suke, har sun fi haske. Yanzu kuma hunturu muke ciki, yawancin waɗanda za ka gani a Filato a wannan rigar suke.

Sannan ka lura da inda farin yake. Baligin farin-ƙirji farinsa daga maƙogwaro yake farawa, ya bi gaban wuya zuwa ƙirji, fari tas kamar an wanke da bula, daga nan ciki ya koma baƙi. Naka akasin haka ne: ƙirji ya ɗan yi duhu, ciki ne ya fi haske.

'Yar Laminga: Ina goyon bayan Baba, sai dai in ƙara abu ɗaya don kada wani ya riƙe wannan a matsayin doka. Ɗan farin-ƙirji da bai balaga ba shi ma gabansa duka fari ne, har ciki. To in ka dogara da launi kaɗai, ƙananan jinsunan biyu za su ruɗa ka. Abin da ba ya canzawa da shekaru shi ne girma da siffa. Dogon-bindi tsawonsa wajen santimita 50 zuwa 55 ne, kuma kaso mai yawa na wannan tsawon bindi ne. Farin-ƙirji yana kaiwa santimita 80 zuwa 100. A nauyi ƙaramin bai wuce rabin kilo da ɗan wani abu ba, babban kuwa yana kai wajen kilo 2. In da balbela a kusa, dogon-bindi sa'anta ne. Farin-ƙirji kuwa ya fi kusa da dinya.

Sai ido. Baligin dogon-bindi idonsa ja ne, na farin-ƙirji kore. A hoton nan ido bai fito ba.

Injiniya Gwarimpa: Ni fa ban gamsu ba. Ana ta cewa girma, girma, to da me aka gwada shi a hoton? Kututture ne kawai da ruwa. Wa ya san kaurin kututturen? Kuma manhajar nan da dubban hotuna aka koyar da ita. Me zai sa mu yarda da idon mutum a kan hoto mai hazo mu ƙi yarda da ita?

'Yar Laminga: Yallaɓai, maganarka ta farko gaskiya ce, babu abin gwaji a hoton. Shi ya sa Baba bai ce komai a kan girma ba, tsawon bindi ya gwada da jikin tsuntsun kansa, wannan kuwa ba ya bukatar komai a gefe. Ita manhaja hoton da aka ba ta take kamantawa da waɗanda ta sani. Hotunan farin-ƙirji daga Kenya da Afirka ta Kudu sun yi yawa a intanet, don can ne masu kyamara suka fi yawa. In ta ga baƙin baya da farin gaba cikin hazo, ba abin mamaki ba ne ta karkata can. Ni ma ina amfani da ita, amma shawara nake ɗaukar abin da ta faɗa, sai na duba da kaina.

Injiniya Gwarimpa: To na ji. Amma ku faɗi gaskiya, ba don taswira ta ce babu shi a Jos ba ne kuka yanke hukunci tun kafin ku duba? Tsuntsu fa fiffike gare shi, ba ya neman biza. In kowane lokaci aka ga baƙon abu sai a ce taswira ba ta yarda ba, yaushe taswirar za ta gyaru?

Tsohon Malami: Injiniya, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma na ji daɗi da ka yi ta. Bari in yi ɗan tsawo.

Dogon-bindi na ko'ina ne a Afirka kudu da Sahara, daga Muritaniya da Sanagal har Sudan da Habasha, ya gangara har ƙarshen Afirka ta Kudu, akwai shi ma a Madagaska. Inda duk ruwa mai daɗi ya kwanta da ƙananan kifaye da kwaɗi, za ka iya samunsa: kogi, fadama, dam, har kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield. A kududdufan kuzan gefe-gefe yake bi, don tsakiyarsu zurfi gare shi, shi kuwa a ruwa mara zurfi yake farauta, galibi shi kaɗai. Yana bin ruwa: damina ta cika fadamu ya bazu, rani ya shanye su ya taru a dam-dam.

Farin-ƙirji ba haka zamansa yake ba. A yamma yana gaɓar teku ta Muritaniya, Sanagal, Gambiya da Gini Bisau. A gabas yana manyan tafkuna, Biktoriya da Naibasha da tafkunan Habasha, ya sauka kudancin Afirka inda yake da yawa a teku da dam. Tsakanin waɗannan biyu akwai babban giɓi, kuma yawancin Najeriya a cikin giɓin take. Wurin da aka san shi da shi kusa da mu Tafkin Chadi ne. Daga Baga zuwa Jos a miƙe ya haura kilomita 600.

Zai iya tasowa ya zo? Zai iya. Tsuntsayen ruwa kan ɓace hanya, musamman ƙanana. Ba na cewa ba zai yiwu ba har abada. Abin da nake cewa shi ne, in kana tsaye a wurin da ɗaya yake ko'ina, ɗayan kuma sai an yi tafiyar kilomita 600, to wanda ya ce ya ga na nesan shi ne zai kawo hujja mai ƙarfi. Kuma a wannan hoton hujjar da ke akwai ma, wato bindi da baki da kai, na gida take nunawa. Da siffar ta nuna babban ne, ni zan fara hawa mota in tafi Lamingo.

Injiniya Gwarimpa: Wannan bayanin ya fi shiga. Amma ina nan a kan cewa hoto ɗaya mai hazo bai isa a rufe magana ba, ko ta nan ko ta can.

Tsohon Malami: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ɗan Rikkos: Gaskiya jikina ya yi sanyi. Wata uku ke nan ina fita kusan kullum, ban taɓa kawo wani abu da ya burge kowa ba. Na ɗauka yau Allah ya yi.

Maman Ilham: Haba ƙanina, kada ka ce haka. Kai ne ka kawo maganar da ta tara mu yau. Kuma da ka shigar da shi kai tsaye ba ka tambaya ba, da kuskure ya shiga lissafin da wasu za su dogara da shi shekaru masu zuwa. Abin da ka yi shi ne daidai.

'Yar Laminga: Ƙwarai. Aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke nan Laminga ke jagoranta tun 2015 ya raba ƙasar nan gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 a kowane gefe. Abin da ake so shi ne a san me ke cikin kowane gida da kuma wane wata. Dogon-bindi da ka rubuta a Lamingo a watan Janairu yana da amfani sosai, don da irin wannan ne ake gane lokacin da suke taruwa da lokacin da suke watsewa. In wani ya shigar da tsuntsun da ba a san shi a gidan ba, akan tambaye shi hujja kafin a karɓa, kuma ba don raini ba ne, kowa haka ake yi masa.

Kawu na Baga: Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. A bakin Tafkin Chadi na tashi, da su na girma kafin in dawo Jos sayar da banda. Wannan na hoton ƙaramin ne, ko a mafarki na san shi. Babban in ya sauka kan ruwa za ka ji, in zai tashi kuma sai ya yi ta dukan ruwa da ƙafa biyu kafin ya ɗaga. Ƙaramin da sauri yake tashi, fiffikensa na kaɗawa da sauri-sauri. Kuma ku sani akwai na uku da ba ku ambata ba, mai siririn wuya kamar maciji. Shi ne yara ke tsorata da shi in ya fito da kai daga ruwa.

Tsohon Malami: Barka da zuwa Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ka tuna mana da abin da bai kamata mu manta ba. Wannan shi muke ce wa wuyan-maciji, Anhinga rufa. Ba ɗan gidansu ba ne kai tsaye, maƙwabci ne na kusa, amma shi ma yana shanya fukafukai, shi ma bindinsa dogo ne, don haka daga nesa ana haɗa shi da dogon-bindi. Bambancin a baki yake. 'Yan nutso bakinsu da ƙugiya a ƙarshe, cafke kifi suke yi. Wuyan-maciji bakinsa miƙaƙƙe ne mai tsini kamar mashi, soke kifi yake yi a ƙarƙashin ruwa, ya fito ya wurga shi sama ya haɗiye ta kai. Wuyansa yana da wani lanƙwasa a tsakiya, da farin layi da ya bi gefensa, tsawonsa kuma ya kai santimita 80.

Kawu na Baga: Haka yake Malam. A zamanin ƙuruciyata da yawa muke ganinsa. Daga baya ya yi wuya. Kalli, wato ragar masunta, na cinye su, don bakin nan nasa in ya shiga zaren roba ba ya fita, sai mu tarar da shi a mace da safe. Ruwan ma ya ja baya. Inda mahaifina ke ɗaure jirgi, ni da idona na ga ana noman wake.

'Yar Laminga: Baba, Allah ya saka da alheri. Abin da ka faɗa ya dace da abin da aka auna: a shekarun 1960 tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai. Shi ya sa ma tsofaffin taswirori ke bukatar sabon ido.

Alhajin Taminus: Ni ba masani ba ne, kasuwanci ke kai ni wurare. A Sin na taɓa zuwa Guilin, na ga masunta a kogin Li da waɗannan tsuntsaye a kan kwale-kwalen gora. Suna ɗaure musu wuya da zare sako-sako, tsuntsun ya nutse ya kamo kifi, in babba ne ba zai iya haɗiyewa ba sai mai shi ya karɓa. Manya ne, baƙaƙe. Su ne farin-ƙirjin? Sannan a Dubai na ga wasu dubbai suna tafiya a jere ƙasa-ƙasa a kan teku kamar hayaƙi.

Tsohon Malami: Alhaji, ka taɓo wata tsohuwar jayayya. Na Sin ɗin shi ne babban komoran, Phalacrocorax carbo, wanda ya bazu daga Turai zuwa Asiya har Ostareliya da gabashin Amurka ta Arewa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja: wasu na cewa farin-ƙirjinmu na Afirka jinsi ne mai zaman kansa, wasu na cewa reshe ne kawai na wannan babban. Shi ya sa wani littafin zai rubuta lucidus shi kaɗai, wani ya rubuta carbo lucidus. A Maroko akwai wani reshen da farinsa ya tsaya tsaka-tsaki, bai kai na Sanagal ba, ya fi na Turai. Mu dai a nan ba ya canza mana komai a bakin ruwa, tsuntsun ɗaya ne ko wane suna aka ba shi.

A Japan ma ana wannan su, a kogin Nagara, fiye da shekara 1,300, amma da wani jinsin nasu na teku. Na Dubai kuwa kusan tabbas na Sokotra ne, Phalacrocorax nigrogularis, ɗan Tekun Fasha da gaɓar Larabawa. Shi a teku kawai yake rayuwa, garke-garke.

Maman Ilham: Baba, tunda an zo nan, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Na ga hoton wani daga Afirka ta Kudu, sak dogon-bindi, jan ido da komai, amma an rubuta masa wani suna daban.

'Yar Laminga: Anti, mai tukku kika gani, Microcarbo coronatus. Kamarsu ta kai har an daɗe ana ɗaukarsu jinsi ɗaya kafin a raba. Tukkunsa ya fi tsawo, bindinsa ya ɗan fi gajarta. Amma babban abin da ke raba su wurin zama ne. Mai tukku ba ya barin gaɓar teku mai sanyi ta Namibiya da yammacin Afirka ta Kudu, cikin duwatsu da ciyawar teku. Dogon-bindi na ruwa mai daɗi ne. A can inda suke haɗuwa a bakin kogi dole mutum ya zura ido sosai. A Jabi kuwa ba ki da wannan matsalar ko kaɗan.

Dangin ƙananan nan haka suka raba duniya: Microcarbo pygmaeus yana kudu maso gabashin Turai, bakin kogin Danub, har fadamun Iraƙi, idonsa duhu ne ba ja ba. Microcarbo niger yana Indiya da maƙwabtanta, kuma sunan ba shi da alaƙa da kogin Neja, baƙi kawai yake nufi da Latin. In aka jera hotunansu ba a faɗi inda aka ɗauka ba, ko ƙwararre sai ya yi gumi. Jinsunan komoran a duniya wajen 40 ne, yawancinsu baƙaƙe masu kama da juna. Shi ya sa tambayar farko kullum ita ce: a ina aka ɗauka, a wane wata?

Injiniya Gwarimpa: To ga shi kin dawo kan taswira.

'Yar Laminga: Na dawo, Yallaɓai, amma ka ga aikin da take yi. Ta rage mini 40 zuwa biyu, da wuyan-maciji uku. Tsakanin ukun nan kuma ido ne zai yi hukunci.

Mai Kandami: Ku gafarce ni, ina ta karantawa ina jin zafi. Ku kuna maganar jan ido da koren ido, ni kuwa a hanyar Mangu nake kiwon kifi, kuma wannan baƙin tsuntsun ya gama da ni bara. Na zuba 'ya'yan karfasa, kafin wata biyu kandami ɗaya ya kusa zama wayam. Bashi na ci na sayi irin. Ko sunansa dogon-bindi ko gajere, ni ɓarawo na sani. Yarana sun ce a sa musu magani a mataccen kifi.

Tsohon Malami: Subhanallahi. Allah ya mayar maka da alheri, asara ce mai ciwo, kuma ba wanda zai ce maka tsuntsun ba ya cin kifi. Yana ci, kuma 'ya'yan kifi daidai bakinsa suke. Amma don Allah ka hana yaran nan maganar guba. Ruwan da za ta shiga shi ne ruwan kifinka, shi dabbobin maƙwabta ke sha, kuma duk abin da ya ci mushen, kare ko shaho ko ungulu, shi ma ya tafi. Ungulu ma ga yadda ta ƙare a garuruwanmu.

'Yar Laminga: Kawu, sannu. Abin da ya fi aiki shi ne raga a saman kandamin da ƙananan suke, a ɗaure ta tamau, ta ɗaga sama da ruwa, har su yi girman da ya fi ƙarfin bakinsa. In kandamin ya yi faɗi, a ja igiyoyi a jere a samansa, don ɗan nutso yana bukatar fili kafin ya sauka ko ya tashi. A cire duk wani kututture ko sanda da zai zauna ya shanya fiffike. Mutum-mutumi kwana kaɗan yake yi su saba da shi.

Kuma sanin wane ne ɓarawon yana da amfani a aljihunka. In dogon-bindi ne, nutso yake yi, igiya da raga a sama ne maganinsa. In zalɓe ne, a gefe yake tsayawa, sai a gyara bakin kandamin. Wani lokacin ma da dare ake ɓarnar, wanda ake gani da rana ya ɗauki laifin duka.

Mai Kandami: Ragar da tsada, amma ba ta kai abin da na rasa ba. Zalɓe ma yana zuwa, ban taɓa kawo shi a rai ba. Zan hana su maganin.

Ɗan Rikkos: Tambaya ɗaya kafin in kwanta. Me ya sa suke buɗe fukafukai haka? Wani ya ce mini ba su da man da agwagwa ke shafawa.

Tsohon Malami: Suna da shi, a gindin bindi kamar sauran tsuntsaye. Gashinsu ne aka yi shi daban: bakin kowane gashi yana shan ruwa, can ciki kusa da fata kuma iska na nan. Da gashin ya jiƙa sai tsuntsun ya yi nauyi, nutso ya zo masa da sauƙi, ba ya ta fama da ruwa na tura shi sama kamar agwagwa. Shi ya sa in yana iyo za ka ga jikinsa ya nutse, wuya da kai kawai ke waje. Da ƙafa yake tuƙi a ƙasan ruwa, yatsunsa huɗu duka fata ta haɗe su, ita agwagwa uku ne. Bayan ya gama sai ya hau wani abu ya shanya. Gobe in ka koma, kada ka matsa kusa. Ka sa rana a bayanka, ka zauna, ka jira. Kututturen da ya zaɓa zai dawo kansa.

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum, na dawo. Na yi yadda Baba ya ce, na zauna kusan awa biyu. Ga hotuna huɗu. A na biyu balbela ta sauka a reshe ɗaya da shi. A na huɗu rana ta haska fuskarsa.

Maman Ilham: Masha Allah! Dubi idon nan, ja kamar gauta.

'Yar Laminga: Shi ke nan. Jan ido, gajeren baki mai ruwan ɗorawa, jikinsa bai fi na balbelar ba, bindi ya yi tsawo. Baligin dogon-bindi ne a rigar da ba ta hayayyafa ba. A hoto na uku har ɗigon fukafukan ya fito. Hoto na huɗun nan ya yi kyau ƙwarai, ka adana shi.

Injiniya Gwarimpa: Yanzu na yarda, hujja ta zo. Ko da yake wani zai iya cewa ba tsuntsun jiya ba ne.

Ɗan Rikkos: Shi ne Yallaɓai. Jiya na lura gashi ɗaya ya fita a fiffikensa na hagu, akwai giɓi, ka duba hoton farko za ka gani. Yau ma giɓin na nan. Na ƙirga guda shida a dam ɗin, biyu sun fi wannan duhu. Na shigar da su a matsayin dogon-bindi.

Injiniya Gwarimpa: Na duba, giɓin na nan. Na janye.

Tsohon Malami: Madalla ɗana. Waɗancan biyu masu duhu ka riƙa bibiyarsu, ka rubuta ranar da ka fara ganin tukku a goshinsu. In damina ta kusa ka duba bishiyoyin da balbelu ke sheƙa a bakin ruwa, cikinsu suke cusa tasu sheƙar.

Mai Kandami: Malam, in ba damuwa, ku zo ku ga nawa da idonku. Da asuba suke zuwa. Ina so in san ko shi ne ko zalɓen kafin in kashe kuɗin raga.

'Yar Laminga: Zan zo Kawu. Ɗan Rikkos, ka taho da kyamararka. Asabar bayan sallar asuba mu haɗu a shataletalen Mararrabar Jama'a, akwai wurin mutum biyu a motar. Kawu, kada yara su je bakin kandamin kafin mu iso.